Dibakar Mai Zanen Haladipur

Zane sana'ar gidan su Dibakar ce tun kaka da kakanni. A Haladipur suke, kan hanyar masu ziyarar babban haikalin bakin teku, kuma a da ba mai komawa gida bai sayi ƙyallensu mai hoton alloli ba. Sai hotunan takarda na inji suka shigo, ga ƙyalli ga araha. Kafin Dibakar ya yi wayo sana'ar ta mutu. Ubansa ya koma leburan magina, shi kuma da ya tasa ya tafi birnin Katak yana yi wa manyan motoci fenti.

Rasuwar uban ce ta dawo da shi, tare da matarsa Sebati da 'yarsu Kuni. Bayan an ƙona gawa a bakin kogi bisa al'adarsu, ya leƙa ɗakin shanu ya tarar an toshe yoyon rufi da wani tsohon ƙyalle. Ya zaro shi ya warware. Ruwa ya ci rabinsa, amma a ɗaya rabin idanun allansu Kirishna na nan baƙi ƙirin kamar jiya aka zana su. Aikin kakansa ne. Daga ranar bai sake komawa Katak ba.

Duk garin ba wanda ya rage da sanin haɗa launi sai ƙanwar ubansa, Goggo Hemalata. Mata ba sa riƙe burushi a gidan, amma ita ta yi wa ubanta niƙan launi har ƙarshen ransa.

"Kai mai shafe bayan mota?" in ji ta. "Hannun da ya saba da tsintsiya ne zai riƙe burushin gashin ɓera?"

"Ki koya mini, Goggo. In na kasa sai ki yi dariya."

"Ai na riga na fara."

Ta nuna masa yadda ake dafa 'ya'yan tsamiya su yi danƙo, a manne ƙyalle biyu, a shafe da alli, a goge da dutse har ya yi santsi. Fari daga katantanwar teku, baƙi daga hayaƙin fitila, ja da rawaya daga duwatsu. Ta rasu ba ta taɓa ce masa ya iya ba.

Shekarun da suka biyo baya na yunwa ne. Sebati ke yin surfen shinkafa a gidajen mutane, ta dawo da ɗan abin da za a jiƙa a ci da gishiri.

"Baban Kuni," ta ce masa wata rana tana kallon aikinsa, "allolin nan naka duk sun fi mu ƙiba."

"Kuma ba sa cin komai."

"Mu ma ai haka."

Sannu a hankali wani mai kanti a birni ya soma sayen zanensa. Dibakar ya tara 'ya'yan maƙwabta yana koya musu, har da mata, Kuni ce kan gaba. Dattawa suka yi gunaguni suka gaji. A lokacin ne ya soma babban aikinsa, ƙyalle mai tsawon ɗaki, ɗauke da labarin Kirishna tun daga haihuwa. Ya yi shekaru a kansa, zaman durƙuso ya kashe masa gwiwa.

Saura kaɗan ya gama, guguwa ta taso daga teku da safe, ƙarshen damina. Gari ya ɗunguma zuwa makaranta, don ita kaɗai ce ginin siminti. Sun yi nisa sai Dibakar ya tsaya ya waiga gida. A can ya baro ƙyallen, Sebati kuwa ta gani.

"Ƙafarka ba ta gudu," ta ce. "Kuni, riƙe babanki."

Ta juya cikin ruwan. Bishiyar kwakwa ta faɗo kan gidan tana ciki. Washegari aka tono gawarta ƙarƙashin bango, kwance a kan ƙyallen, shi kuma nannaɗe cikin tabarma. Ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Wannan ƙyalle shi ya fitar da sunan Haladipur. Aka kai shi gidan tarihi a babban birni, aka aiko wa Dibakar lambar yabo, aka gayyace shi ya ƙi zuwa. Ranar da lambar ta iso, Kuni ta dube ta, ta dubi uban.

"Baba, ka san mamata za ta koma don ƙyallen nan," ta ce.

Kafin shekara ta zagayo ta auri wani malamin makaranta a can arewacin jihar, ta tafi. Ta ci gaba da zane, amma ba ta taɓa aiko masa da aikinta ya gani ba.

Ya rayu har ya ga kowane gida a layin ya koma zane, ko da yake yawancinsu da fentin kanti suke yi, don ya fi sauri. Daga baya idanunsa suka tafi. Yakan wuni a ƙofar gida, baƙi su ɗauke shi hoto su wuce, matar maƙwabci ta miƙo masa shinkafa. A nan zazzaɓi ya kama shi wata bazara, bai tashi ba.

Almajiransa suka ɗauki gawar zuwa bakin kogi. Kuni ta iso bayan wuta ta mutu. Ta share gidan, ta ba maƙwabcin makulli, ta koma. Yanzu a ciki yake baje wa baƙi kayan sayarwa.