Baba Siddiƙu da Bindigar da Ke Cijewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, tara ga Mayu, 2024, bayan azahar, aka kira ni daga Unguwar Rogo aka ce Allah ya yi maka rasuwa, Baba Siddiƙu Maigandi. Ina unguwar Minanata a tsakar gidan mahaifiyata, Inna Sadiyatu, sai na rasa ta yadda zan fara gaya mata.

Kai ne aminin mahaifina, marigayi Hayatu, tun kuna soja, kana gyaran makamai a bariki. Da ya rasu bai bar mana abin a zo a gani ba sai wata ƙaramar bindiga ta zamanin Turawa, da lasinta. Kai ka cire mata allura don kada ta sake tashi, ka miƙa wa Inna Sadiyatu ka ce ta adana.

Ita kuwa Inna ta adana ta irin adanar da ta sani. Yadda take shafa wa wuƙa da tukunyar ƙarfe man gyaɗa don tsatsa, haka take yi wa bindigar nan, har da ƙari. Man ya kwana biyu ya bushe ya zama danƙo, gidan harsashi ya cije, a danna maɓalli a ja, ko motsi. Sai ta ce in ɗauko ka. Ni dai mai gajen haƙuri ne. Akwai ranar da na ɗauko guduma, ka riƙe mini hannu ka ce, “Lawali, tsohuwa ta, lallashinta a kai. In ka buga, ka lanƙwasa bakin, shi ke nan an rasa.”

Har yanzu ina ganinka a zaure, ka shimfiɗa tsumma a cinya. Ka ɗiga kananzir ta gefen maɓalli da bakin gidan harsashin, ka ajiye ta a rana ta ɗan yi ɗumi, ka ƙwanƙwasa gindin da guntun icce, ka girgiza a hankali har ya zamo da kansa. Aikin bai kai ya ci yini ba, amma kai sai la'asar. Inna na bayan ƙofa a kan tabarma, kana ba ta labarin yadda mijinta ya taɓa ƙona wa bataliya guda shinkafa, tana dariya tana share ido. Na sha ce maka ka faɗa mata gaskiya, man nan ne matsalar. Kullum amsarka ɗaya: “Ƙyale ta, ba ta yi laihi ba.” Na ɗauka kunyarta kake ji, har haushi nake ji.

Bayan addu'ar uku na sami Inna da bindigar a cinya, gidan harsashin ya sake cijewa. Na ce zan buɗe mata, tunda na ga yadda kake yi, amma don Allah ta bar shafa man. Sai ta ce, “Ɗana, na daɗe da sanin man nan na ka liƙe ta. Shi ma ya san na sani. In ban shahwa ba, mi za shi kawo shi gidanga? Shi kaɗai yar rage wanda yas san babanku yana saurayi.”

Baba, na yi kewarka, kewa mai tsanani. Amma tawa ba ta kai tata ba. Ɗiga kananzir kam na iya. Labaran ne ban riƙe ba, don lokacin da kake ba da su hankalina na kan agogo.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sada ka da amininka a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Uwani, da ɗanka Kabiru da ƙannensa, da jama'ar Unguwar Rogo. Allah ya ba mu haƙuri, ya ba Inna ninkin namu. Amin.