Rimot ɗin Injiniya a Hannun Wani

Ina cikin wankin mota aka kira ni aka ce Injiniya ya rasu. Aminina ne, mai haɗa ƙananan jiragen sama da ake tuƙawa da rimot.

Yau a filin ƙwallo sai ga wani da jirgin Injiniya da rimot ɗinsa, na gane su da jan salatif ɗin da ya naɗa musu. Mutumin ƙato ne, da baƙin gilashi da agogo mai ƙyalli, irin waɗanda ba a taɓa ce wa "ba haka ba". Yana murɗa sandunan rimot kamar mai kokawa da su. Yana auna jirgin da tsinin eriya kamar bindiga, alhali ta nan sigina ta fi rauni.

Na ce, "Malam, gwada nisan da sigina take kaiwa tukuna, kada ya faɗo."

Ko kallona bai yi ba. "Abin wasan yara ma sai an koya mini?"

Injiniya ba ya haka. Ni nake ɗaukar jirgin in yi nisa da shi, shi kuma yana taɓa sanduna yana ɗaga murya. Haka muka yi ranar ƙarshe.

"Jelar tana motsi?"

"Tana motsi."

"To ƙara gaba, ina nan."