Ranar da Na Gyara Bindigar Surukina

Sana'ata gyaran keken ɗinki ce. Na daɗe a rumfa ɗaya a bakin kasuwar Birnin Gwari, teloli suna kawo mini kekunansu, wani yana tsinka zare, wani yana karya allura, wani yana tsallake ɗinki. Bindiga kuwa ban taɓa riƙe ta ba sai lokacin da surukina ya aiko a kira ni.

Surukina tsohon maharbi ne, yana zaune a wani ƙauye gaba kaɗan da Tsohon Birnin Gwari. Tun da daji ya lalace ya daina shiga farauta, amma bindigarsa tana nan, da lasisinta naɗe a cikin leda. Irin wadda ake ce wa fam-akshin ce. Akwai katako a ƙarƙashin bututunta, in ka ja shi baya kwanson da aka harba ya fita, in ka tura shi gaba sabon harsashi ya hau. Aikin da ya rage mata shi ne korar gwaggon biri daga gonar masara. Harbi biyu a sama, sai su yi kwanaki ba su leƙo ba.

Matata ce ta kawo mini saƙon. Ta ce, "Baba ya ce ka je da kayan aikinka."

Na ce, "Keken Inna ne ya lalace?"

"Bai faɗa ba. Ya dai ce kada ka manta da man keke."

Washegari da hantsi na ɗaure akwatin aikina a bayan babur na kama hanya. Ƙarshen damina ne, masara ta yi goyo, hanya duk taɓo. Na tarar da shi a gindin mangwaron ƙofar gidansa. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaishe shi kaina a ƙasa. Bayan an kawo mini ruwa ya shiga ciki, ya fito da wani dogon abu naɗe a buhu, ya ajiye a kan tabarma ya warware.

Ya ce, "Ga mara lafiyar."

Na ɗan ja da baya. Na ce, "Baba, ai ni keken ɗinki na sani."

"Ƙarfe ne da sifirin da mai, ɗana. Wanda ya iya wancan zai iya wannan. Mai gyaran da na saba kai wa ya tashi ya koma Kaduna."

Sai ya ba ni labarin abin da ya faru. Shekaranjiya birai sun shiga gonar. Ya harba na farko lafiya, da ya ja katakon sai ta cije, kwanson ya maƙale a rabin hanya, sabon harsashi ya taso ya danne shi. Ya ce babban namijin cikinsu ya hau kan suri ya zauna, ya ɓare masara yana ci yana kallonsa, shi kuma yana ta kokawa da bindiga.

"Har ya cinye ya ɗauki ta biyu," in ji shi. "Ni da namun daji ke jin warina su gudu!"

Dariya ta taso mini, na danne ta da tari.

Kafin in taɓa komai na roƙe shi ya fitar da duk abin da ke cikinta. Ya juya bakinta wajen katanga, ya zare harsasan ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe ta ya nuna mini ciki, na leƙa da idona, na sa ɗan yatsa na tabbatar babu komai. Sannan hankalina ya ɗan kwanta.

Na fara da inda nake farawa in an kawo mini keke. Kafin in zargi inji, zare nake dubawa, don sau da yawa shi ne mai laifin. Na ce ya nuna mini inda yake ajiye harsasan. Ashe a wata tsohuwar tukunya ce a ƙasan gado, kusa da bango mai jan danshi. Wasu gindinsu ya yi tsatsa, biyu sun kumbura kamar rogon da ya kwana a ruwa. Muka ware su gefe. Na ce ya nemi gwangwani mai murfi ya rataye a sama.

Daga nan ya kwance mini bututun da kansa, don ni ban san ta inda ake farawa ba. Yana zarewa wani wari ya bugi hancina, warin da na sani sarai.

Na ce, "Baba, da wane mai kake shafa mata?"

"Man kaɗe. Da shi mahaifina yake shafa wa bindigarsa ta adaka."

Man ya haɗu da ƙasa da tokar albarushi ya zama baƙin danƙo. Ya like sandunan ƙarfe biyu da katakon ke gudu a kansu, ya cika ɗakin da harsashi ke zama. Akwai wata 'yar ƙugiya da ke kamo gindin kwanso ta jawo shi waje. Na danna ta da farce, ta shiga ta ƙi dawowa. Na ji daɗi a raina, don irin wannan ciwon kullum nake ganinsa a kekunan matan da ke zuba musu man gyaɗa.

Na shimfiɗa farin ƙyalle na jera sassan bi da bi, yadda ba zan rikice ba wajen mayarwa. Inna, wato surukata, ta aiko mana da kananzir a gwangwanin madara. Na sa tsohon burushin haƙori da tsinken tsintsiya ina ƙwaƙulo dauɗar, shi kuma yana gogewa da tsumma. Tun ana aikin shiru har ya fara hira. Ya ba ni labarin gadun da ya taɓa bin sa har sai da ya tsira a kan bishiyar marke, da Bafulatanin da ya koya masa gane sawun ɓauna. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan a gabana ba. Ni ma na saki jiki har na manta na miƙe ƙafa a tabarmarsa.

Bayan azahar muka haɗa ta. Na ɗiga man keke kaɗan-kaɗan a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Ya kawo tsofaffin kwansuna marasa komai a ciki don gwaji. Na sa ɗaya, na ja katakon, kwanson ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon ruwa. Na sake, ya fita. Sau shida ba ta cije ba.

"Allah Ya yi maka albarka!" Ya karɓa yana murmushi, ya sa kwanso, ya ja.

Ta cije.

Na karɓa na gwada, lafiya lau. Ya sake karɓa, ta sake cijewa. Murmushin ya ɓace daga fuskarsa, ya ce wataƙila sammu aka yi mata.

Ni kuwa akwai abin da na saba yi a rumfa. In keke ya yi aiki a hannuna ya ƙi a hannun mai shi, sai in ce ya zauna ya yi ɗinki ina kallo. Na ce, "Baba, a ƙara sau ɗaya, a hankali." Na daina kallon bindigar na zuba wa hannunsa ido. Ya jawo katakon, amma saura kamar faɗin yatsa biyu ya kai ƙarshe sai ya tsaya, gefen bakinsa ya ɗan motsa, ya tura gaba da sauri. Kwanson bai gama fita ba aka rufe masa ƙofa.

Na gane, amma faɗin ya yi mini nauyi. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, kamar dai tana son a ja ta har ta buga a ƙarshe."

"Ai har ƙarshe nake ja."

Sai muka ji muryar Inna daga cikin zaure. Ashe tana tsaye da kwanon tuwo, ta ji komai.

"Ka faɗa masa gaskiya mana, Malam. Ka faɗa masa tun da ka faɗo daga kan rumbu farkon damina kafaɗarka ba ta ɗaguwa. Riga ma ni nake sa maka."

Na rasa inda zan sa idona. Can sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ya fashe da dariya har yana riƙe hannun mai ciwon.

"To, mai gyara," ya ce, "ka gyara ƙarfe. Tsohon kuma wane mai za ka ɗiga masa?"

Inna ta ce, "Man kaɗen nan da ka ƙarar a bindiga, da a kafaɗar ka shafa!"

A nan na kasa riƙe tawa, na yi dariya har da hawaye a gaban surukaina, ba wanda ya ga laifina.

Da la'asar ya ce sai mun je gona an gwada da na gaske, kuma ni zan harba. Na yi magiya, bai saurare ni ba. Ya tsayar da ni a bakin gonar, ya gyara mini tsayuwa, ya danna gindin bindigar a kafaɗata, ya ɗaga bakinta sama ta wajen da babu gida babu kowa. Na runtse ido na ja kunama. Ƙarar ta toshe mini kunne, hulata ta faɗi. "Ja! Har ƙarshe!" ya daka mini tsawa. Na ja, kwanso ya fita yana hayaƙi, na tura, na sake harbawa. Daga can gefen rafi muka ga masara tana kaɗawa, birai sun fita a guje, wata uwa da ɗanta maƙale a cikinta, sun nufi duwatsu.

Sati na zagayowa na ɗauko shi a babur na kai shi asibiti a gari. Likita ya duba ya ce ba karaya ba ce, jijiya ce, ya ba shi magani ya koya masa motsa hannun safe da yamma. Kafin a gama girbi ya koma sa rigarsa da kansa. Inna ta aiko mana da buhun masara da kaji biyu, da saƙon cewa kekenta ma ya fara tsinka zare, in na samu sarari.