Kujerar Roba a Ƙarshen Sahu

Ni na fara kiran tsohon nan "mai girma gwamna". Babarbare ne mai sayar da turare kusa da shagon ɗinkina a Ƙofar Ran, ni kuwa Bafulatani, don haka ba mai shiga tsakaninmu. Da gwiwoyinsa suka gaza, sai ya riƙa zuwa masallaci da farar kujerar roba yana salla a ƙarshen sahu. In mun fito nakan ce masa, "Ranka ya daɗe, mu talakawa mun kai goshi ƙasa, ku manya kuna kan mulki." Shi kuma ya ce, "Kai dai bawana, Allah ya ba ka tsawon rai ka gani." A lokacin ina da tabon salla baƙi ƙirin a goshi, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da shi.

Ƙwannafi ya daɗe a jikina, ban taɓa lissafa shi cikin ciwo ba. In na ci masa da yaji ƙirjina ya ɗau zafi, sai in jiƙa jar kanwa in kurɓa, in yi gyatsa, in koma kan keke. Da kanwa ta daina ji, na koma kemis ina sayen farin maganin nan mai kauri. Ana nan wata azahar, na kai goshina ƙasa ke nan, sai ruwa mai tsami ya taso min har hanci. Tari ya sarƙe ni, na tsallake mutane na fita ina hawaye. Daga ranar, duk sujada sai abin ya biyo ni.

Likita ya rubuta min ƙwaya, in sha rabin awa kafin karin kumallo. Ya hana ni goro, yaji, shayi da duk abin da aka soya. Ya ce kada in kishingiɗa sai abinci ya yi awa uku a cikina. Matata ta sa aka ɗora ƙafafun gadonmu na wajen kai a kan bulo, ta koma yi min miya salam kamar ta mai jinya. Ƙwayar ta yi aikinta, zafin ya ragu, amma ruwan bai fasa tasowa ba. Ni kuwa ba zafin ne ya dame ni ba, sujadata nake so.

Bayan shekara guda aka zura min wata siririyar roba mai kyamara ta maƙogwaro. Likitan ya ce bakin tumbina ne ya saki, kamar wandon da robarsa ta mutu. Ya ce akwai tiyata: a naɗo saman tumbin a kewaye bakin, a ɗinke. Da na ji maganar ɗinki sai hankalina ya kwanta, ai sana'ata ce.

Na ce, "Likita, zan yi sujada?"

Ya ce, "Malam, yawanci ana samun sauƙi. Amma ba zan yi maka alkawari ba."

Aka yi min aikin ta ƙananan ƙofofi da aka huda a cikina. Na yi makonni daga kunu sai koko, loma ba ta wucewa, gyatsa ta gagara, cikina ya riƙa kumbura. Duk ban damu ba. Ranar da na fara kai goshina ƙasa ba abin da ya taso, na daɗe a wurin har na kusa da ni ya taɓa ni. Wata goma na yi a haka, har na koma tsokanar gwamna.

Sai wata la'asar, a raka'a ta uku, na ji ɗanɗanon da na sani a bayan harshena. Likita ya sake dubawa ya ce ɗinkin ya sassauta. Ana iya sakewa, amma na biyu ya fi wuya kuma bai kai na farko tabbas ba. Ya ce in koma kan ƙwaya, wataƙila har ƙarshen rayuwa. Ban yi masa musu ba. Na san yadda yadi yake in an farke an sake bin layi ɗaya.

Liman ya ce min addini sauƙi ne, in tsaya inda zan iya, in yi nuni a zaune. Na san gaskiya ya faɗa, amma raina bai yi sanyi ba.

Ranar da na shiga da tawa kujerar, tsohon ya matsa min wuri. Mako guda ina jiran ramuwarsa, shiru. Da abin ya ishe ni na ce, "Baba, ka rama mana."

Ya ce, "Ni sai da na shekara sittin ina kai goshina ƙasa kafin a zaunar da ni. Kai me zan ce maka?"

Shekara biyu ke nan. Akwai madubi a shagona, na masu gwada kaya, yanzu ba na son wucewa ta gabansa. Tabon ya kusa ɓacewa.