Ranar da Na Kasa Ba da Sarauniyata

Akwai wani wasan ces, darar nan mai sarki da sarauniya, da na buga a Dutse, wanda har gobe bai bar raina ba.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Jahun. Na iya tsare gidana a kan allo, amma ban iya kai hari ba. Wani tsohon malamin dabbobi da muke bugawa da shi ya gaji da ni.

"Malam, kai gadi kake yi," in ji shi. "Sarkina yana tsaye a fili, kana can kana lissafin sojoji."

"To Baba, yaya zan yi?"

Ya ce kullum zai jera mini matsaloli goma, in nemo yadda za a kashe sarki a taku biyu ko uku. Wata huɗu muna haka. Abin ya hana ni sakat. Ina cin tuwo ina motsa doki a kaina, ina cikin mota ina zane a tafin hannu. Maiɗakina har ta daina tambayata abin da nake gunaguni a kai.

Da aka shirya gasar malamai, na kai wasan ƙarshe, wanda ya ci shi zai wakilci yankinmu. Abokiyar karawata wata malamar lissafi ce daga Garki. Ana tsakiyar wasa sai na hango hanya: in ba da sarauniyata, ta ci, in bi da doki, sarkinta ya mutu. Irin abin da Baba ya jera mini sau ba adadi.

Na miƙa hannu, na janye. Na sake lissafi, daidai. Na ce bari in ƙara dubawa, kada a yi mini dariya. Ina cikin dubawa ta biyar alƙalin wasa ya dafa kafaɗata. Lokacin da aka ƙayyade mini a agogon wasa ya ƙare, na faɗi.

Malamar ta nuna sarauniyata da yatsa.

"Malam, ba ka gani ba ne?"

"Na gani tun ɗazu."

Ta ce, "Ni ma na gani. Jira kawai nake yi ka gama da ni."

A motar komawa Jahun na yi ta juya abin a raina. Baba ya koya wa idona gani, amma zuciyata ba ta yarda da idon ba. Tun daga ranar, a kan allo ko a rayuwa, in na duba abu sau biyu na tabbatar, bismilla nake yi in miƙa hannu.