Yayen da Bai Ƙare Ba

Ɗana na fari yana da wata ashirin da biyu na fara roƙon Allah ya nuna mini ranar da yaron nan zai sauka daga jikina. Ban ɓoye ba. Duk wadda ta shigo gidanmu a Filinge ta ji da kunnenta.

Ni tela ce, ɗinkin mata nake yi a cikin gida. To zauna kan keke da yaro irin wannan ka gani! In na taka keke, ya cusa hannu wajen allura. In na goya shi, ya tuge mini ɗankwali ya gantsara mini cizo a kafaɗa. In na sauke shi, ya nufi murhu. Ran nan ya juye kokon kunu a kan shaddar wata amarya, na sha zagi a tsaye ina ba da haƙuri. Ko bayan gida ban isa in shiga ni kaɗai ba, yana bakin ƙofa yana tsala ihu sai ka ce yanka shi ake yi. Ga jarabar nono. Yaro haƙora cike da baki, yana cin tuwo yana cin kopto, kwaɗon ganyen nan, amma da na zauna sai ya zo ya ɗaga mini riga a gaban masu kawo ɗinki.

"Allah ya kawo ranar yayenka in huta!" Haka nake ce masa, sau goma a wuni.

Wata Lahadi uwar mijina ta zo cin kasuwa daga ƙauyensu, can gaba da Bonkuku, ta biyo ta gidanmu. Tana zaune kan tabarma na sake faɗin maganar. Ta dube ni, ta dubi yaron.

"Wanga yaro ya isa yaye," in ji ta. "Haɗa mai kayanai in tahi da shi. Sati biyu ya mance da nono."

Wallahi na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Ni na wanke rigunansa, ni na ƙulle su a ɗankwali, ni na miƙa mata shi a tasha yana ta zillo. Na dawo gida na yi barcin rana har la'asar. Nonona ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, ina matsewa ina cewa ba komai, kwana nawa ne.

Sati biyu suka wuce. Wata ya wuce. Aka yi shuka, aka yi noman fari, shiru.

A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, balle ta buɗe baki ta ce wa uwar miji a maido mata shi. Wadda ta yi haka ta zama abin labari a bakin rijiya. Sai na samu mijina na ce ya je ya ɗauko shi.

"Ke fa kika ce kin gaji," ya ce. "Duk unguwa ta ji. Yanzu in je in ce wa Inna mi? Tsohuwa ta samu mai ɗebe mata kewa."

Na gaji! I, na ce na gaji. Wace uwa ce ba ta taɓa faɗi ba? Wadda ta ce daka ya ishe ta, ƙwace mata turmi ake yi? Shi da bai taɓa wanke kashin yaron ba ko sau ɗaya, shi ne yau yake riƙe da maganata yana yi mini shari'a da ita. Na yi kwana uku ban ce masa uffan ba, ko a jikinsa.

Da aka gama yankan hatsi na shiga mota na tafi da kaina, wata biyar ke nan. Tun daga tasha nake shirya abin da zan faɗa.

Na tarar da yaron a tsakar gida yana korar kaji. Ya yi ƙiba, ya yi tsawo, bakinsa ya buɗe. Yana ta zuba surutu da kalmomin da ba ni na koya masa ba. Da ya gan ni sai ya ruga ya ɓuya bayan kakarsa, ya leƙo.

"Inna, wa ce ce wagga?"

Matan gidan suka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariya, na kawar da kai, don haka ake yi. Hannuna yana ƙaiƙayi in fizgo shi in rungume, amma na zauna ina amsa gaisuwar hanya da ta damina kamar wata mutuniyar kirki.

Bayan azahar na samu tsohuwar ita kaɗai tana sheƙar gero. Na durƙusa.

"Inna, dama cewa na yi ko..."

"Ko mi, ɗiyata?" Ta tsaya da faifai a hannu, tana kallona. Ta san abin da ya kawo ni sarai.

"Ko yana bukatar wani abu."

"Ba ya bukatar komi. Kin gan shi, lahiya lau. Ke dai je ki huta, Allah shi kawo mai ƙane."

Na ce amin. Da bakin nan nawa na ce amin.

Har yau ina jin haushinta, ina jin haushin mijina, ina jin haushin wannan kunya da ta ɗaure mini harshe. Amma haushin kaina ya fi, don ba wanda ya rufe mini baki ranar.

Shekararsa tara yanzu, can yake zuwa lakkol, wato makarantar boko. Na haifi uku bayansa, ba wanda na bari ya je yaye ko nan da ƙofar gida. In na je ƙauyen yakan zo ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya kawo mini ruwa, ya koma wajen wasansa.