Yadda Iya Ta Rama Azarar Ubanta

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Baba Sule a Gwammaja, ita ma ba ta wuce kafaɗar babban mutum ba. Baba Sule ƙanin kakata Iya ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta kai lomar gidansa bakinta ba. Gaisuwa dai tana amsawa.

Gidan gona ne ya haɗa su faɗa. Ubansu magini ne, ya gina gida a gonarsa can bayan Ƙofar Dawanau, zaure mai ɗaurin guga, irin rufin nan mai bakuna da ke haɗuwa a tsakiya, da soraye, an shafe bango da makuba har yana ƙyalli. A soron ciki aka haifi Iya. Bayan rasuwar tsohon, Baba Sule ya je da rani ya fasa rufin sorayen, ya zare azara, wato itacen giginyar da ke riƙe da rufi, ya kawo birni ya rufe shagonsa da ita. Da damina ta sauka sorayen suka zube, zauren kaɗai ya tsira. Dattawa suka zaunar da su gaban liman, Iya ta ce ta yafe. Bakinta ne ya yafe, ita kam tana nan a kan bakanta.

Ba ta ƙara ɗaga maganar ba, sai ta koma tatsuniya. Da an idar da sallar isha'i za ta ja kujerarta bakin murhu, ta tura dankali cikin garwashin da tuwo ya bari, ta aike ni in kirawo jikokin Baba Sule. Su take so su zo, mu na gida ko oho. Binta, babbarsu, ita ke zama jikin gwiwarta, ita ake ba dankalin da ya fi girma. Na daɗe ina jin haushin wannan.

"Ga wata ta taso, ku ba ni kunnuwanku," haka take farawa, fuskarta wajen katanga, muryarta kuwa ta fi ƙarfin yaran da ke gabanta.

Wai an yi wani mutum gajere mai wushirya, wanda ba ya magana sai ya yi ta gyaran murya. Babu wanda bai san mai wushiryar unguwarmu ba. Mutumin nan ya rushe ɗakin da aka binne cibiyarsa a bayansa, ya kwashe azara ya kai birni. Ita kuwa azara ba ta yarda da baƙon wuri ba. In ya kwanta sai ta riƙa ƙara tana kiran sunan wanda ya sassaƙe ta. In ya zauna cin tuwo, ta zubo masa ƙasa a miya. Ranar da hadari ya haɗo ruwa ya kece, sai kowace ta zame daga bango, suka kama hanyar gida, suka bar masa rufin a ka.

Ƙarshen labarin ya danganta da yadda Iya ta wuni. Wata rana ƙafa kawai yake karyewa. Wata rana kunamun rufin su bi shi har cikin wando, mu yi ta dariya muna birgima. Ranar da Baba Sule ya yi wa shagonsa sabon fenti kuwa, mutumin bai fita da rai ba. Binta ta tambaya ko ba wanda ya zo ya cece shi.

"Wa zai zo, 'yar nan?" in ji Iya. "Kowa na tsaye yana gadin rufinsa, kar mutumin ya tashi ya yi sha'awa."

Iya ta san abin da take yi. A wurinmu jika yana wasa da kakansa, ya faɗa masa abin da ɗa ba zai iya faɗa ba, kakan da ya yi fushi kuma shi ya ji kunya. Gari na wayewa yaran za su tsaya ƙofar shago, a gaban masu sayen kaya, su tambaye shi ko azararsa ta yi magana jiya, ko ta faɗa masa ranar tafiya. Dole ya yi dariya. Na ga dariyar nan da idona, haƙora ne kawai a waje. In hadari ya taso kuwa babu jikan da ke yarda ya zauna a shagon, ko da alewa aka haɗa shi. Iya na jin labari tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗagawa.

Ta rasu zauren yana tsaye yana zaizayewa. A 'yan shekarun nan masu gina sito suka matso har bakin gonar, Baba Sule ya ce a sayar, su ture zauren. Na kai masu kula da gine-ginen tarihi suka duba, suka ce irin wannan ɗaurin guga ya yi ƙaranci, za a iya kare shi in magada sun yarda, amma gyaran sai da tsohuwar azara wadda gara ba ta ci. A taron dangi kasonsa ya fi na ɓangarenmu, na riga na fid da rai. Sai Binta, da goyonta a baya, ta gyara zama ta yi murmushi.

"Baba, in ka sayar da zauren, ina azarar za ta koma ranar da ta tashi?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma Binta ta ci gaba, wannan karon ba wasa a muryarta. Ta ce ita da ƙannenta ba za su ci ko ƙwayar hatsi daga cinikin ba, azarar gyara kuma ba sai an nema ba, sun san inda take. Ya dubi jikokin nan ɗaya bayan ɗaya, bai sami nasa a ciki ba.

Ranar da aka cire rufin shagon don a kai azarar gyaran zauren, yana zaune a tsallaken lungu, ya yafito ni. Ya ce, "Yaya fa ta ce ta yafe. A gaban liman ta faɗa." Na ce haka na ji.

Da ina yarinya na ɗauka Iya tana koya mana kar mu taɓa abin da ba namu ba ne. Ashe ba tarbiyya take yi ba, ramuwa take yi. Ya raba ta da gidan ubanta cikin rani guda, ita kuwa ta zauna a hankali ta raba shi da jikokinsa, yana jin muryarta ta kan katanga bai isa ya hana ba. Mutane sun ce in ji tausayin tsohon. Na gwada, Allah ya sani, ban ji ba.